Gonar Bakin Gari

Bayan ƙaramar sallar 2025 da kwana kaɗan, ƙanena ya yi mini sammako, ko karyawa ban yi ba, ya ce, "Yaya, taso mu je gona ka ga abin da na gani." Na hau bayan babur ɗinsa muka tafi. Da muka isa iyakarmu ta gabas, inda tun muna yara wata ɗorawa da layin gamba suka raba mu da maƙwabcinmu, sai na tarar an sare gamban ƙarƙaf, an kafa duwatsun siminti guda huɗu, kowanne da lambarsa da jan fenti. Ba sai an gaya mini ba. Magadan maƙwabcin namu sun sayar, safiyo ya zo ya auna, saura tifa ta kawo yashi.

Na tsaya ina kallon duwatsun nan kamar wanda aka yi wa rasuwa. Shi kuwa ƙanen nawa ba ta'aziyya ce ta kawo shi ba. Ya bari na gama kallona, sa'an nan ya ce, "To, Yaya, saura mu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dillalin nan ya sake zuwa, har ya ƙara a kan tayin bara."

Wannan magana ita ta hana ni barci makonni, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya gaji gona a bakin wani babban gari na ƙasar nan, ko Kano ne, ko Zariya, ko Sakkwato, ya san wannan dillali, ko da kuwa sunansa dabam ne a can.

Saboda masu karatu na nesa, bari in ce Kwandere tsohon garin Gwandara ne, 'yan kilomita kaɗan daga Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, kuma sarkinmu Sangari ake ce masa. Dattawa sukan ba da labari cewa asalin Gwandara daga Kano suka taso tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma wanda ya saurari harshen da kyau zai ji Hausa a cikinsa. Ƙasarmu ƙasar doya ce da rogo da riɗi da agushi da dawa da gyaɗa, ga shinkafa a kwari, ga mangwaro da yazawa da ba a rasa su a gona. Ruwan sama yakan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba. Mutumin Daura in ya zo ya ga yadda ƙasa take amsa garma a nan, yakan yi shiru ya girgiza kai.

Gandun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana ɓangaren da ke fuskantar Lafiya, kimanin eka tara ne. Ina ɗan shekara goma sha biyar a 1977, lokacin da aka kafa shirin raya aikin gona na Lafiya, wanda Bankin Duniya da Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Filato suka haɗa hannu a kansa, bayan irinsa da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975. Shekara guda kafin nan, watau 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta kaɗa gangar ciyar da ƙasa, har ana ce wa kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne, a 1980 kuma Shugaba Shagari ya zo da nasa shirin na juyin noma. Mu dai na Lafiya shi muka gani da idonmu. Malamin gona yakan zo a kan babur da littafinsa a aljihu, aka gyara hanyoyin ƙauyuka da jar ƙasa, aka buɗe wuraren sayar da takin zamani da sabon irin masara. Mahaifinmu da fari ya ƙi takin, ya ce gishirin Turawa ne, zai ƙone masa ƙasa. Sai da ya ga masarar wani abokinsa ta yi goyo biyu, sa'an nan ya aike ni da dare in sayo masa buhu ɗaya, ya ce kada in bari kowa ya gan ni.

Yanzu da na waiwaya, abin da na lura da shi game da waɗannan shirye-shirye duka shi ne, kowannensu ya yi tunanin iri, ya yi tunanin taki, ya yi tunanin hanya da bashi da tarakta, amma babu wanda ya yi tunanin cewa wata rana ita gonar kanta za a nema a rasa. Ba kuwa laifinsu ba ne. A lokacin Lafiya hedkwatar yanki ce kawai, da tashar jirgin ƙasa da kasuwa da fadar Sarki, kuma in ka bar gidajen ƙarshe na gari sai ka yi ta tafiya cikin gonaki da kurmi har ka iso wurinmu. Wa zai ce ƙasa za ta yi kaɗan?

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga Filato, Lafiya ta zama hedkwata. Mun yi murna ƙwarai, har yau kuma ban janye murnata ba. Ma'aikata suka kwararo daga Jos, kowa yana neman wurin sa haƙarƙarinsa. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Lafiya mutum fiye da 330,000. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, daga baya aka mai da hanyar Kefi zuwa Makurɗi tagwaye, ta ratsa ta Akwanga da Lafiya. Mu kuma rabonmu shi ne filin jirgin sama na ɗaukar kaya, wanda aka fara a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, da ya yi mulki daga 2011 zuwa 2019, Shugaba Buhari ya zo ya buɗe shi a Fabrairun 2022. An ce manufarsa a riƙa fitar da amfanin gona da ma'adinai. Gonarmu ba ta shiga cikin filin ba, amma tun ranar da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin za a yi shi, ƙasar Kwandere ta daina zama ƙasa, ta zama haja.

A nan dole in faɗi abin da ba na son faɗi. Ni ne farkon wanda ya yanka gandun nan. A 2016, bayan rasuwar mahaifinmu da shekara bakwai, uwargidana ta kwanta ciwon da ya kai mu har Jos, ga ɗiyata ta fari an sa mata rana, ga albashin malamin makaranta wanda kowa ya san tsawonsa. Na tara 'yan'uwa na roƙe su, suka yarda aka fitar mini da eka biyu daga rabona, na sayar. Ranar da aka ƙirga mini kuɗin, ban taɓa riƙe irinsu ba a rayuwata. Wata goma sha huɗu suka yi a hannuna. Uwargida ta warke, alhamdu lillahi, an kai amarya ɗakinta, na sauya kwanon gida, na sayi wata tsohuwar mota da ta ƙare a wurin makanike. A kan eka biyun nan yau akwai gida biyar da aka gama, da kango bakwai da ciyawa ta cinye, masu su suna Abuja suna jiran ƙasa ta ƙara tsada. Kangayen nan sun fi gidajen ci mini rai, domin gida dai mutum ne a ciki, kango kuwa ba a kwana cikinsa ba, ba a kuma noma shi ba.

Saboda haka in na ji wani babban mutum a rediyo yana faɗa wa manoma su daina sayar da gonakinsu, wai kwaɗayi ne da rashin hangen nesa, sai in ce wannan bawan Allah bai taɓa tsayawa a bakin tagar biyan kuɗi ta asibiti da aljihu wayam ba. Manomi ba wawa ba ne, lissafi yake yi. Eka guda, in aka yanka ta fuloti-fuloti mai ƙafa 50 da 100, takan ba da takwas, ko shida in an fitar da hanya. A bakin gari kuɗin fuloti ɗaya yakan fi ribar da ekar duka za ta bayar cikin shekaru, bayan an cire kuɗin ƙodago da iri da taki da maganin feshi. Ga shi kuma gonar da gidaje suka kewaye ba ta da kwanciyar hankali. Awakin unguwa su ci, yara su karya masara tun tana ɗanya, a zubar maka da shara da leda a kan kunya, a wayi gari an haƙe maka doya ƙwarya guda cikin dare. Sa'an nan ga tsoron da ya fi duka, watau kada wata rana hukuma ta buƙaci wurin. Dokar ƙasa ta 1978 ta ce in an karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da za a biya ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar shuka da itatuwa da gini, ba ta ita ƙasar ba. To, wanda ya san haka, ga kuma dillali a zaure da kuɗi a jaka, me kake tsammani zai yi? Duk wannan ƙanena ya jera mini, ban kuwa sami inda zan ce ya yi ƙarya ba.

Amma akwai wani lissafin, wanda ba na mutum ɗaya ba ne, na gari ne duka, shi ne kuma ba mai yinsa. Mun ga alamarsa bayan an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya ninka, kome ya bi shi. A watan Yulin shekarar Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci, zuwa tsakiyar 2024 kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Ni ba a takarda na fara karanta wannan ba, a kwanon miya na gan shi. Tumatir da attarugu da kabeji da ake ci a Lafiya, da yawansu daga tsaunukan Filato ko daga can Arewa ake kawo su, kowane kwando kuwa da kuɗin mai a kansa, ga na shingayen hanya, ga wanda ya ruɓe kafin a iso. A shekarar nan na ga matan ma'aikata masu albashi suna taya tumatir ƙwaya-ƙwaya. Na kuma ga wata tsohuwa a unguwarmu, mai ɗan lambu a bakin rafi wanda bai kai rabin eka ba, tana ɗora alayyafo da kuɓewa da yalo a kan adaidaita sahu da safe, kafin azahar ta dawo da kuɗinta a ɗaure a bakin zane. Ba ta san farashin dizal ba, ba ruwanta da shi.

Gonar nesa tana iya ba gari hatsi da doya, domin su suna jure tafiya da ajiya. Babbar gonar shinkafa irin ta kamfanin Olam da ke Rukubi a ƙasar Doma tana da nata amfanin, ba na musu. Amma ganye da kayan miya da ƙwai da nono, abin da ake so da ɗanyensa kowace safiya, wannan aikin gonar bakin gari ne. Ita ce kuma gonar da mace za ta iya zuwa ta dawo ta ɗora tukunya, wadda ɗan makaranta zai taimaka a cikinta da yamma, wadda ɗan fansho irina zai lallaɓa ya je da sandarsa. A wannan zamani da manoma da yawa suke tsoron kwana a gonakin daji saboda rashin tsaro, gonar da ake jin kiran salla daga cikinta ba abin wasa ba ce. Ita ce muke binnewa da bulo, mu ne kuma muke kukan tsadar miya.

Kakanninmu na Kano sun san wannan tun da daɗewa. Da aka gina ganuwa, ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, an haɗa da filayen noma masu yawa a ciki, don ko an yi wa birni zobe kada yunwa ta buɗe ƙofa. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya tarar da gonaki shimfiɗe a cikin ganuwa. A waje kuma, ƙauyukan da ke kewaye da birni sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma ƙasa ɗaya kowace damina ba hutu, ba ta kuwa mutu ba. Asirin abin jaki ne da mangala. Da rani baƙauye ya shigo birni da itace ko hatsi, ya koma da takin juji da toka da kashin dabbobi, ya zuba a gonarsa tsibi-tsibi. Birni ya ci daga gona, gona ta ci daga birni. Ba wani mai digiri da ya zana musu wannan, amma tsari ne sosai, har masanan Turai sun zo sun yi shekaru suna nazarinsa. Yau sharar garuruwanmu rabinta leda ce, a kwalbati take ƙarewa, gonakin kuwa ana jiran buhun takin da ya fi ƙarfin talaka.

Kullum aka yi sabuwar gwamnati, ko ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, sai an yi bikin buɗe sayar da taki, a jera taraktoci a ɗauki hoto, a yi alkawarin bunƙasa noma. Ban raina ba, kowane buhu ya isa hannun manomi alheri ne. Amma ban taɓa jin an tara mu an shimfiɗa taswira an ce, ga inda gari zai bi, ga kuma inda za a bar wa garma ba. Na yi ta tambayar kaina dalili, sai da na zauna na karanta dokar 1978 ɗin nan sa'an nan na ga inda gizo yake saƙa. Dokar ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna amana. Ta raba ta biyu, ƙasar birni wadda gwamna ke iko da ita kai tsaye, da sauran ƙasa wadda ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da ita bisa al'ada, har zuwa hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Gwamna ne kuma yake shata inda birni ya tsaya. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa raya aikin gona cikin abubuwan da ƙaramar hukuma take da hannu a ciki. To, ka ga abin mamaki. Hukumar da ta fi kusa da manomi, wadda take da sashen aikin gona da malamansa, ita ce hannunta ke janyewa daga gona da zarar gari ya matso kusa da ita. Masu tsara birni kuwa aikinsu titi ne da fuloti da takardar mallaka, in sun ga gona a taswira, fili ne da ba a riga an gina ba. Tsakanin ofisoshin nan biyu gonar bakin gari ta zama marainiya. A zahiri ma yawancin cinikin ba ya bi ta kan ko ɗaya daga cikinsu, a zaure ake yinsa, da dillali da shaidu da 'yar takarda, sai daga baya a nemi hatimi.

Ɗana na biyu, wanda ya karanta fannin tsara birane, shi ya fara ba ni labarin wata gunduma a Amurka da ake kira Montgomery, a Jihar Maryland, wadda take manne da birnin Washington kamar yadda muke manne da Lafiya. Su ma unguwanni sun taso za su cinye musu gonaki. A 1980 majalisar gundumar ta keɓe wajen eka 93,000, kusan sulusin ƙasarta, ta ce wannan ta noma ce, ba za a gina fiye da gida ɗaya a kowace eka 25 ba. Abin da ya burge ni ba hanin ba ne, hani kowa ya iya. Sun gane cewa in ka hana manomi yanka fuloti ka cire masa kuɗi daga aljihu, saboda haka suka ba shi wani haƙƙi a takarda, ɗaya a kan kowace eka biyar, wanda zai iya sayar wa magina, su kuma su je su yi amfani da shi su ƙara yawan gidaje a unguwannin da aka yarda a cika. Manomi ya karɓi kuɗin gini, gonarsa kuma tana nan yana nomawa. Ingila ma tun bayan yaƙin duniya na biyu ta tsare wani ɗamarar fili kewaye da London da ba a yarda gini ya cinye ba, ko da yake can ana ta gardama cewa abin ya ƙara wa gidaje tsada.

Na ce wa yaron, "Wannan ai sai inda takarda take da daraja." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ko a nan ai takarda tana da daraja in ta fuloti ce." Ban ba shi amsa ba.

Ba ina cewa a kwaso dokar Amurka a dasa a Kwandere ba, ba za ta kama ba. Ba kuma ina cewa a hana mutane gini ba, domin ni kaina gidan da nake ciki, ina yaro gonar gyaɗar wani ce, kuma malamin asibitin da aka yi wa canjin aiki zuwa Lafiya ba zai kwana a kan bishiya ba. Gari zai girma ko mun so ko mun ƙi. Amma ba kowace ƙasa ce ɗaya ba. Akwai tudu mai tsakuwa da marmara wanda ko rogo da ƙyar yake yi, can ya kamata bulo ya nufa. Akwai kuma fadama da bakin rafi da kwari mai baƙar ƙasa, wanda in an gina shi ma ambaliya ce za ta kori masu gidan, kamar yadda muke gani a unguwannin da suka matse rafin Amba in damina ta yi nisa. Wannan bai kamata a bari a sa masa dutsen siminti ba ko nawa aka taya. Dattawan kowane ƙauye sun san waɗannan wurare da sunayensu, ba sai an ɗauko masani daga waje ba. A zauna da Sangari da masu unguwanni da manoma da ma'aikatan ƙasa na jiha, a shata, a rubuta, a kafa alama kowa ya gani.

In an shata kuma kada a juya baya, don nan ne mugun zalunci zai shigo, a ce maƙwabcinka ya sayar ya yi kuɗi, kai an ɗaure maka hannu an bar ka da awakin unguwa. Wanda gonarsa ta faɗa cikin keɓaɓɓen wuri shi ya kamata a fara ba takardar mallaka ba tare da wahala ba, don ya san ba mai tashinsa, ya kuma iya kai ta banki in ciwo ya zo, maimakon ya kira dillali kamar yadda na yi. Shi za a fara haƙa wa rijiya a sa masa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, domin eka ɗaya ta lambu da ake girba sau uku a shekara ita kaɗai ce za ta iya tsayawa ta yi gardama da kuɗin fuloti, doya ta shekara-shekara ba za ta iya ba. A ba su rumfa tasu a kasuwa, a riƙa tace sharar kasuwa da ta mahauta ana kai musu taki. Masu kango kuma, wanda ya shekara biyar bai ɗora rufi ba, a sa masa haraji mai zafi, ko ya bari a noma wurin kafin ya shirya. Kwalejin aikin gona tana nan a Lafiya shekara da shekaru, ɗalibanta suna neman inda za su gwada abin da suka koya. A da in an yi irin wannan magana sai ƙaramar hukuma ta ce ba ta da ko sisi, kuɗinta yana maƙale a jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk ranar da wannan ya tabbata sosai, ina so in ga ko akwai shugaban da zai fara da taswirar gonaki kafin ya fara da rumfunan haya.

Mu dai ba mu iya jiran wannan rana ba, don dillali ba ya jira. Muka sa ranar Juma'a bayan an sauko, muka taru a ɗakin Inna, mu shida da muka gaji gandun. Ƙanena ya kawo hujjojinsa, yana da 'ya'ya uku a makarantun gaba da sakandare, yana so ya sayi motar haya. Ƙannenmu mata biyu suka goyi bayansa, ban kuwa ga laifinsu ba, tun da ba su taɓa cin wani abin kirki daga gonar ba in ban da 'yar doyar da ake aika musu da kaka. Da na buɗe baki zan yi magana, sai ƙaramarsu ta ce, "Yaya, kai da ka riga ka ci naka?" Na sunkuyar da kai, don gaskiya ta faɗa.

Inna tana kan tabarma tana jan carbi, mun ɗauka ma ba ta bin maganar. Can sai ta ce, "Ku sayar da tudun. Kwarin kuwa ku bari sai na mutu, don a nan nake samun rama." Aka yi dariya, amma ba wanda ya ƙara cewa kome a kan kwarin.

Haka aka yi. Eka huɗu na tudu sun tafi kafin babbar salla, aka raba kuɗin bisa ga yadda shari'a ta tsara, aka cire abin da na riga na ci. Saura eka uku na kwari, inda ruwa ke kwantawa har watan Disamba. Ɗan ƙanwata, wanda ya gama karatun aikin gona ya shekara biyu ba aiki, ya karɓi aron wurin na shekara uku, muka rubuta muka sa hannu. Na ba shi abin da ya rage na garatutina ya haƙa rijiya ya kewaye da waya. Ya ce zai fara da tumatir da tattasai da alayyafo, ya bar wa kakarsa kunya biyu na rama a bakin ƙofa.

Makon jiya na je duba shi da yamma. Ta gabas an kai gini linta, magina suna wanke cebur a bakin rijiyarmu, sun ce yaron ne ya ba su izini. Na tarar da shi a duƙe yana dashe. Ya ɗago ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, mutumin nan ya zo jiya. Ya ce in gaya maka yana gaishe ka, yana kuma tambayar jikin Inna."